Wutar da ke cikin ƙwayar halitta: Shin zaruruwan cikinta wayoyin lantarki ne?

Duk masuncin da ya taɓa cusa hannu cikin koma ya ci karo da minjirya ba ya bukatar malamin kimiyya ya gaya masa cewa jikin mai rai na ɗauke da wuta. Wannan kifi mai sulɓin jiki, da ake kamawa a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, yana iya sakin lantarkin da ya haura bolt 300 a bugu ɗaya. Irin wannan wuta, amma 'yar ƙanƙanuwa, ita ce ke sa zuciyar mutum bugawa, ita ke kai labarin tsinin ƙaya daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ke aiki a idon mai karatu a daidai wannan lokaci.

Fiye da shekara 70 ke nan masana suka gano yadda wannan saƙo ke gudu a kan tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Amma tun farkon shekarun 1990 wasu masu bincike suka ɗaga wata tambaya: shin siraran zaruruwan furotin da ke riƙe da ƙwayar daga ciki su ma suna ɗaukar saƙon lantarki, kamar yadda wayar wuta ke yi a cikin bangon gida? Amsar ta shafi yadda ake fahimtar ƙwaƙwalwa da yadda ake yaƙar cutar daji, ta kuma zama abin da 'yan kasuwar magani ke fakewa da shi. Wannan bayani ya rarrabe abin da ya tabbata, da abin da ake ja-in-ja a kansa, da abin da bai wuce hasashe ba.

Wace irin wuta ce a jiki?

A cikin wayar tagulla, abin da ke ɗaukar wuta shi ne ilektaron, wani ɗan mitsitsin ɓangare na ƙwayar zarra. A jikin mai rai kuwa aikin na ayon ne. Ayon ƙwayar zarra ce da ta rasa ilektaron ko ta sami ƙari, saboda haka ta zama mai caji. Cajin iri biyu ne, kamar kawunan batir: mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji daban suna jan juna.

Idan aka zuba gishiri a ruwa, yakan rabu gida biyu: sodiyam mai cajin tarawa, da kuloraid mai cajin ɗebewa. Su biyun, tare da fotasiyam da kalsiyam da maginiziyam, su ne manyan ayon na jikin ɗan Adam. Shi ya sa idan amai da gudawa suka kama mutum, ruwa zalla ba ya wadatarwa, sai an haɗa da ruwan gishiri da sukari. Wanda ya yi asarar fotasiyam mai yawa, bugun zuciyarsa na iya rikicewa, domin kayan aikin lantarkin ne suka zube.

Hanyar da aka daɗe da sani

A 1791 Luigi Galvani, wani likita a birnin Bologna na Italiya, ya wallafa bincikensa kan yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu kimanin mita 30 a sakan. Wannan adadi kaɗai ya nuna cewa jijiya ba ta aiki irin na wayar ƙarfe, inda saƙo ke tafiya da gudun da ya kusanci na haske.

Cikakken bayanin ya zo a 1952 daga Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila, waɗanda suka yi aiki da ƙatuwar jijiyar sukwid, wata halittar teku, suka kuma sami kyautar Nobel a 1963. Ga taƙaitaccen abin da aka gano. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantanin maiƙo mai kaurin kusan nanomita 5, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A jikin tantanin akwai wani famfo na furotin, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957, da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane zagaye. Sakamakon wannan rabo, da kuma yadda fotasiyam ke sulalewa waje, cikin ƙwayar jijiya yakan kasance ƙasa da wajenta da kusan milibolt 70. Adadin ƙarami ne a ido, amma da yake a kan tazarar nanomita 5 yake, ƙarfinsa ya kai bolt miliyan 14 a kowace mita.

Idan saƙo ya iso, ƙofofin sodiyam da ke jikin tantanin sukan buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin wurin ya juye. Juyewar ta sa ƙofofin gaba su buɗe, na baya su rufe, fotasiyam ya fita ya mayar da lamarin yadda yake. Abin lura a nan shi ne, ayon ɗin tsallaka tantanin kawai suke yi, ba su ne ke tafiya daga ƙafa zuwa kai ba. Saƙon ne ke tafiya, kamar wutar daji da ke cin ciyawa: kowane tsiro yana kunna na kusa da shi. A jijiyoyin da ke da rufin maiƙo, gudun yakan kai mita 120 a sakan. Wutar minjirya ma daga irin wannan tantani take fitowa, sai dai ita ta jera ƙwayoyi masu ɗimbin yawa kamar baturan tocila, ƙarfinsu ya haɗu.

Azarar cikin ƙwaya

An daɗe ana ɗaukar cikin ƙwayar halitta kamar salkar ruwa da abubuwa ke yawo a ciki. Da na'urorin hangen ƙananan halittu suka ƙara ƙarfi, sai aka tarar da wani gini mai azara da ginshiƙai, wanda masana ke kira ƙwarangwal ɗin ƙwaya. Zaruruwa iri uku ne suka haɗa shi.

Na farko shi ne aktin, mai kaurin kusan nanomita 7, mai kama da igiya tufka biyu. Brunó Straub ne ya ware shi daga tsoka a 1942 a birnin Szeged na ƙasar Hangari. Aktin ne ke ba ƙwaya siffarta, da shi take rarrafe, da shi kuma take tsuke ƙugunta ta rabu biyu.

Na biyu shi ne maikurotubul, wani siririn bututu mai faɗin nanomita 25 da rami a tsakiya. Za a iya jera kusan 3,000 gefe da gefe kafin su kai kaurin gashin kai guda. Tubalin gininsa furotin ne mai suna tubulin, mai tsawon nanomita 8, kuma yawanci layi 13 na wannan tubali ne ke zagayawa su yi bangon bututun. An raɗa masa suna a 1963. Shi ne ke jan kayan gado zuwa ɓangarori biyu idan ƙwaya za ta rabu, shi ne kuma titin da ake jigilar kaya a kansa.

Na uku zare ne matsakaici mai kaurin kusan nanomita 10, wanda aikinsa juriya ne. Keratin na fata da gashi daga wannan dangi yake.

Aktin da maikurotubul ba sa zama wuri ɗaya kamar azarar soro. Kullum cikin gini da rushewa suke, wani lokaci cikin 'yan mintuna. Kowannensu kuma yana da kai da gindi, wato ƙarshensa biyu ba iri ɗaya ba ne, abin da ke ba su alƙibla.

Matsalar nisa

Me ya sa tun farko wani zai yi tunanin ƙwaya na bukatar waya a cikinta? Dalilin lissafi ne. Ayon da aka saki a ruwa yakan bazu ne kamar bula a bokitin wanki, ba tare da ya nufi ko'ina ba. Lokacin da bazuwar ke ɗauka ba ya ƙaruwa daidai da nisa: idan nisan ya ninka sau 10, lokacin zai ninka sau 100. Fotasiyam zai iya ratsa ƙwaya mai faɗin maikuromita 10 cikin ɗan ƙiftawar ido. Milimita ɗaya za ta ci masa kusan minti huɗu. Mita ɗaya, wato tsawon jijiyar da ta taso daga ƙashin baya zuwa babban yatsan ƙafa, za ta ci masa kusan shekara takwas.

Kalsiyam ya fi shan wahala. Yawansa a cikin ƙwaya ya gaza na waje da fiye da sau 10,000, kuma da zarar ya shiga, furotin iri-iri ke cafke shi, don haka ba ya nisa. Ƙwaya ta warware wannan da igiyar kalsiyam: wanda ya shigo ya sa rumbun da ke kusa ya saki nasa, wannan ya tayar da na gaba. An fara ganin irin wannan igiya ƙarara a 1978 a cikin ƙwan wani ɗan kifi na Japan mai suna medaka. Gudunta maikuromita 10 zuwa 30 ne a sakan.

Sai kuma 'yan dako. A 1985 Ron Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano kinesin, wani furotin mai ƙafa biyu da ke takawa a kan maikurotubul ɗauke da kaya, kowane taku nanomita 8. Jigilar da ta fi sauri a cikin jijiya takan kai milimita 400 a rana, wato kwana biyu da rabi kafin a ci mita ɗaya.

Idan aka jera waɗannan hanyoyi, za a ga giɓi: saƙon kan tantani yana gudun mita da dama a sakan, na cikin ƙwaya kuwa yana jan ciki. Masu ra'ayin waya suna ganin zaruruwan ne ke cike giɓin.

Rigar ayon

Tushen ra'ayin gaskiya ce da ba mai musunta ta: aktin da maikurotubul duk suna ɗauke da cajin ɗebewa mai yawa a jikinsu. A kan aktin akwai kusan caji huɗu a kowace nanomita. A kan maikurotubul, kowane tubali yana da 'yar jela da ta leƙo waje, wadda caji ya taru a kanta.

Masanin Japan Fumio Oosawa, da Gerald Manning na Amurka a 1969, sun bayyana abin da ke faruwa ga irin wannan sanda mai caji idan tana cikin ruwan gishiri. A cikin ruwa, idan tazarar da ke tsakanin caji da caji a jikin sandar ta gaza kusan nanomita 0.7, ƙarfin jan yakan rinjayi kai-komon da zafi ke sa ayon yi, sai ayon masu cajin tarawa su yi dafifi a jikinta. A kan aktin tazarar ba ta wuce nanomita 0.25 ba. Ke nan kowane zare yana sanye da riga ta fotasiyam da sauran ayon, masu manne da shi amma suna iya zamewa a tsawonsa, kamar ƙudan zuma a jikin reshe.

Daga nan hasashen ya fara. Idan aka girgiza rigar a wannan kai, in ji masu ra'ayin, cunkoson ayon zai iya turawa gaba har ya isa wancan kai ba tare da ya watse ba. Suna kwatanta zaren da wayar sadarwa da ke iya tara caji ta sake shi, suna kuma ganin siririn filin da ke tsakanin rigar da sauran ruwan ƙwaya zai iya zama kamar robar da ke rufe waya. Abin da ke motsi a wannan hoto ayon ne a bayan zaren. Ba a maganar ilektaron na ratsa cikin furotin kamar tagulla.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Sunan da ya fi fitowa a wannan fage shi ne Horacio Cantiello, ɗan Ajantina da ya daɗe yana aiki a Boston ta Amurka. A 1993 shi da abokin aikinsa suka wallafa a mujallar Biophysical Journal cewa sun maƙala zaren aktin tsakanin siraran bututun gilashi biyu, suka aika bugun lantarki ta ɗaya, suka ga alamarsa a ɗayan fiye da yadda ruwan kaɗai zai kai shi. A 2004 Jack Tuszynski na Jami'ar Alberta a Kanada, tare da Cantiello da wasu, suka fitar da lissafin da ke hasashen igiyar ayon na iya gudun mita 1 zuwa 100 a sakan a kan aktin, wato daidai da gudun saƙon jijiya.

A 2006 ayarin ya ba da rahoton cewa maikurotubul guda ɗaya ya ƙara ƙarfin saƙon da aka aika ta kansa, har suka kamanta shi da tiransista, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti a rediyo. A shekarar ce kuma Itsushi Minoura da Etsuko Muto a Japan suka nuna cewa maikurotubul yakan juya ya bi alƙiblar filin lantarki, suka danganta hakan da motsin ayon ɗin da ke jikinsa. Daga baya, a 2016 da 2018, María del Rocío Cantero da Cantiello suka wallafa a mujallar Scientific Reports cewa shimfiɗu da dammunan maikurotubul da aka ciro daga ƙwaƙwalwar dabbobi suna fitar da kaɗawar lantarki da kansu. A damman, kaɗawar ta fi ƙarfi a kusan sau 39 a sakan, adadin da ya faɗo cikin zangon wata kaɗawa da ake aunawa a ƙwaƙwalwar mutum, abin da ya ja hankalin mutane da dama.

Inda ake ja-in-ja

Duk da waɗannan rahotanni, littattafan koyar da ilmin ƙwayar halitta ba su karɓi zaruruwan a matsayin wayoyi ba. Dalilan guda huɗu ne.

Na farko, rashin rufi. Ruwan cikin ƙwaya kansa ruwan gishiri ne mai ɗaukar wuta sosai. A irin wannan ruwa, tasirin caji yakan dushe a tazarar da ba ta kai nanomita ɗaya ba, domin ayon na kewaye suna rufe shi. Jijiya tana iya riƙe saƙonta ne saboda tantanin maiƙo ya raba ciki da waje. Zare ba shi da irin wannan katanga, don haka masu suka ke cewa tsirarar waya ce a cikin kududdufi: wutar za ta tsiyaye tun ba a je ko'ina ba.

Na biyu, rashin mai ƙara wuta. Saƙon jijiya ba ya raunana saboda kowace ƙofa tana sabunta shi da ƙarfin da famfo ya tara. Ba a nuna wani abu makamancin haka a jikin zare ba ta hanyar da kowa ya gamsu.

Na uku, yanayin gwajin. An yi awon ne a kan zaruruwan da aka fitar daga ƙwaya aka sa a faranti, sau da yawa an daskarar da su da magani don kada su wargaje, wani lokaci a ruwan da gishirinsa bai kai na jiki ba. Ƙarancin gishiri kuwa yana kumbura rigar ayon, yana kuma rage gasar da ruwan ke yi da zaren. A cikin ƙwaya mai rai, furotin iri-iri ne ke manne da zaruruwan, kamar kasuwa ranar cinta.

Na huɗu, ƙarancin masu maimaitawa. Yawancin sakamakon daga ɗakunan bincike ƙalilan masu alaƙa da juna ya fito. Lissafin ma bai tsaya wuri ɗaya ba: waɗanda suka sake shi daga baya, suka sa kaurin ruwa da cunkoson ayon a ciki, sun sami gudun da ya gaza na 2004 nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin an ƙaryata ra'ayin. Mai yiwuwa ne rigar ayon ta yi tasiri a gajeriyar tazara, misali wajen karkatar da kalsiyam ko fotasiyam daga bakin ƙofa zuwa wani lungu na kusa. Amma tsakanin hakan da cewa ƙwaya na da layin sadarwa na biyu akwai tafiya mai nisa.

Abin da ba a jayayya a kansa

Ko da zaruruwan ba wayoyi ba ne, lantarkin jiki ba ya tafiya sai da su. A wuyan jijiya, inda saƙo ke tashi, wasu furotin masu suna ankirin da sifektirin ne ke ɗaure ƙofofin sodiyam a jikin ƙwarangwal don su taru wuri ɗaya. A 2013 ayarin Xiaowei Zhuang a Jami'ar Harvard ya gano cewa aktin yana yin zobba a tsawon jijiya, kowane zobe da tazarar kusan nanomita 190 daga na gaba, kamar awarwaro a hannu.

A cikin kunne akwai ƙwayoyi masu tsinkayen gashi da aka cika da damin aktin. Idan sauti ya kaɗa su, wata 'yar igiya da ke haɗa tsinke da tsinke takan ja ƙofa ta buɗe, fotasiyam ya shiga, ƙara ta zama saƙon lantarki. Idan ƙarar injin ko ta lasifika ta lalata waɗannan ƙwayoyi, ba sa sake tsirowa a jikin mutum.

A tsoka, saƙon jijiya yakan sa a saki kalsiyam, kalsiyam ya kama wani furotin mai suna turofonin da ke kan zaren aktin, hanya ta buɗe wa mayosin ya ja zaren, tsoka ta tsuke. Ayon ma suna juya zaruruwan yadda suke so: a 1972 Richard Weisenberg ya nuna cewa tubulin ba ya haɗuwa ya zama bututu a faranti sai an kawar da kalsiyam daga ruwan. Alaƙar ta kowane ɓangare ce: zare yana tsara inda ƙofa za ta zauna, ayon da ya shigo ta ƙofar yana tsara yadda zare zai kasance.

Batun hankali da kwantum

A tsakiyar shekarun 1990, masanin lissafi Roger Penrose na Ingila da likitan sa barci Stuart Hameroff na Amurka suka kawo ra'ayin cewa sanin kai da mutum ke da shi yana tasowa ne daga wasu al'amuran kwantum, wato dokokin da ke mulkin ƙananan ɓangarorin zarra, a cikin maikurotubul na ƙwaƙwalwa. A 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa a wuri mai ɗumi da laima kamar ƙwaƙwalwa, irin wannan yanayi zai rushe cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan ba, alhali aikin jijiya yana ɗaukar kashi ɗaya cikin dubu. Hameroff da abokansa sun mayar da martani, amma yawancin masana ƙwaƙwalwa ba su karɓi ra'ayin ba. Kyautar Nobel da Penrose ya samu a 2020 kan binciken sararin samaniya ce, ba ta shafi wannan batu ba.

Ya kamata a raba zancen biyu. Tafiyar ayon a jikin zare tambaya ce ta lantarki da sinadarai da za a iya aunawa. Ko da ta tabbata gobe, ba za ta zama hujjar cewa hankali a cikin bututun yake ba.

Me ya shafi marar lafiya?

Magungunan da ke taɓa maikurotubul sun daɗe a asibiti. Binkiristin, da ake samu daga wani fure ɗan asalin Madagaska, yana hana bututun haɗuwa, don haka ƙwayar daji ta kasa rabuwa. Yana cikin magungunan da ake ba yaran da ke fama da dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi, wanda ya yawaita a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. Da yake jijiyoyi sun dogara da wannan titi wajen jigila, maganin yakan jawo mutuwar yatsu da jin kamar ana tsira allura. Albendazol, maganin tsutsar ciki da ake raba wa 'yan makaranta, tubulin ɗin tsutsa yake kamawa. A cutar mantuwa ta Alzheimer kuwa, furotin tau da ke tallafe bututun ne ke saki ya cukurkuɗe. Duk waɗannan aikin gini da jigila suka shafa, ba ɗaukar wuta ba.

Inda lantarki ya shigo kai tsaye shi ne wata na'ura mai suna Optune, da ake manna wa a fatar kai tana aika filin lantarki mai juyawa sau 200,000 a sakan cikin ƙwaƙwalwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, ta faɗaɗa amincewar a 2015, don wani mugun dajin ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma. A gwajin da aka yi da marasa lafiya 695, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka haɗa na'urar da magani ya kai wata 20.9, na waɗanda suka sha magani kaɗai wata 16. Bayanin da aka fara bayarwa shi ne filin yana dagula maikurotubul a lokacin rabuwar ƙwaya. Har yanzu ana muhawara kan ko hakan ne ainihin dalilin, wasu likitoci kuma sun soki gwajin saboda ba a sa wa rukunin kwatance na'urar bogi ba.

Wannan misali ya nuna irin awon da ake yi wa na'urar gaske: ɗaruruwan marasa lafiya, shekaru na bibiya, riba ta 'yan watanni, sannan suka a bainar jama'a. Sai a gwada shi da akwatin da ake jona wa laftof a shago ko a bakin kasuwa, mutum ya riƙe sandar ƙarfe na minti ɗaya a zayyano masa cutar hanta da ƙoda da ƙarancin sinadarai, da sunan kwantum ko kaɗawar ƙwayoyin jiki, daga nan a miƙo masa maganin saye. Babu wani abu a binciken zaruruwan ƙwaya da ke goyon bayan wannan. Masanan da ke auna wutar maikurotubul sai sun ciro shi sun maƙala masa gilashin da ya fi gashi siranta kafin su ji ɗuriyarsa. Ba a jin ta daga tafin hannu.

Wace hujja za ta raba gardama?

Akwai misalin da ya nuna cewa halitta tana iya yin waya, ya kuma nuna yadda ake tabbatar da ita. A 2012 masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmak suka ba da rahoton wasu ƙwayoyin bakteriya da ke jeruwa dubbai su zama zare a cikin taɓon teku, suna kai ilektaron daga ƙasan taɓon zuwa samansa, tazarar da ta kai santimita. Ba su tsaya ga lissafi ba. Sun ratsa taɓon da siririyar waya suka yanke zaruruwan, nan take aikin lantarkin ya tsaya. Daga baya wasu ɗakunan bincike suka auna wutar a jikin zaren kai tsaye.

Irin wannan gwaji ake jira a kan aktin da maikurotubul: a nuna saƙon yana tafiya a cikin ƙwaya mai rai, da gudun da bazuwa ko 'yan dako ba za su iya kaiwa ba; a canza cajin zaren ba tare da an rushe gininsa ba, a ga saƙon ya ɓace; a nuna wani aiki na ƙwayar da ya tsaya saboda haka; sannan wani ɗakin bincike da ba shi da alaƙa da na farko ya maimaita ya sami abu ɗaya. Wahalar ita ce zaruruwan suna ayyuka da yawa a lokaci guda, duk wanda ya yanke su ya rushe gini ya kuma tare hanya, sai ya rasa wanne ne ya jawo abin da ya gani. Kafin a tsallake wannan, abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne zaruruwan suna da caji, suna sanye da rigar ayon, suna kuma tsara ƙofofin da lantarkin jiki ke bi. Ko su kansu suna ɗaukar saƙo zuwa nesa, wannan yana hannun masu gwaji.